Abin da Kan Madam Shija Ya Ce

Al Muraqqabat, Dubai
Juma'a, 8 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga Gwaggo Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, Gwaggo, a gaida Baba Ɗalhatu da yara. Yaya aikin asibiti, yaya gwiwar nan taki? Ni lafiyata ƙalau, sai murar na'urar sanyi da ta ƙi rabuwa da ni. Zafin garin ya fara sauka, har muna zuwa masallaci a ƙafa ba mu jiƙe ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda, ga waya a hannun kowa. A nan an ja mana kunne, wai in ka rubuta maganar mutum a waya ta fita, yana iya kai ka ƙara ya ce ka ɓata masa suna. Kuma mu takwas ne a ɗaki, babu inda zan yi magana ba a ji ba. Shi ya sa na ba Alhaji Sabo mai zuwa saro kaya, ya ce shagonsa ba nisa da ku a Kano. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji shida na tsaya.

Watana uku ke nan a kamfanin kago, wato masu jigilar kaya, da ke Al Khabaisi. Aikina ɗaure kwalaye da salatif da jera su a sito. Yawancin mutanen wurin Indiyawa ne, har yau ban gama gane musu ba. Mai shayin ƙasan gidanmu, in ka ce ya ba ka karak, shayinsu mai madara, sai ya kaɗa kai kamar babu, kana shirin juyawa sai ka ga ya miƙo maka kofi. Na rasa ko tsokana ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ke da Baba kakanku ɗaya, amma ke kaɗai na sani a dangi da ta san ciwo kuma ta san duniya.

Akwai wata 'yar Indiya a ofishinmu, Madam Shija, ita ke shirya takardun kwastan. Za ta yi shekara talatin da wani abu, mijinta da 'yarta suna can ƙasarsu. Ita ta koya mini karanta lambobin kwali ba tare da ta yi mini dariya ba. Tun zuwana na lura da wasu abubuwa. In Manaja (ba zan rubuta sunansa ba) ya tsaya a bayan kujerarta, sai ta matsa har cikinta ya taɓa tebur. In ya kira ta ofishinsa, sai ta tokare ƙofar da kwandon shara kafin ta shiga. Abincinta ma a matattakala take ci. Na ɗauka halinta ne.

Ran Talata da ta wuce, wajen sha ɗaya na safe, ina durƙushe a bayan kwalaye a sito sai ta shigo duba lambobin kayan Kano. Manaja ya biyo ta ya tura ƙofa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, tana ta ba shi haƙuri. Sai ya damƙe wuyan hannunta, ya kai ɗaya hannun ƙugunta, ya tura ta jikin kantar kaya. Kwalin filas ya faɗo da ƙara, shi ne ya sake ta ya fita. Gwaggo, ban motsa ba. Salatif na hannuna, ƙafata ta ƙi tashi. Shi bai gan ni ba, ita ce ta gan ni bayan ya fita.

Na ce mata da guntun Turancina, Madam, na gani, in faɗa? Ta ƙi. Ta fita tana riƙe da hannun.

Tun ranar shatin yatsu ya fito mata baƙi. Hannunta na rawa in tana buga takarda, kuma sau biyu ina jin tana amai a banɗaki da safe. Wannan ciwo ne, ko me? Kuma ni me ya kamata in yi? Ina kwana da abin ina tashi da shi.

Ɗanki,
Salmanu

Kano
23 ga Nuwamba, 2019

Salmanu ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta, in na hau benen asibiti sai na tsaya a tsakiya kamar mai jiran wani. Baba Ɗalhatu ya ce ka riƙa sa hula in za ka kwanta. Rubutunka ya karantu, ka fi wasu likitocinmu.

Maganar mai shayi ta ba ni dariya. Akwai labari a kanta, amma takardar nan guntuwa ce kuma yaron Alhaji Sabo yana tsaye, sai wani lokaci.

Ka saurare ni. Shekarata ashirin da biyu ina aikin nas, na ga mata da yawa da aka yi wa irin wannan. Abin da muke koya wa sababbin ma'aikata shi ne, maganar ta mai ita ce. In ta ce a yi shiru, ba ka da ikon buɗe ta. Ba ka san mijinta ba, ba ka san surukanta ba, ba ka san abin da za ta rasa ba. An riga an yi mata abu ba da yardarta ba, kada kai ma ka ƙara mata wani. Tunda ta ƙi, ka kama bakinka. Ko wa ya tambaye ka, ba daga wurinka za a ji ba.

Rawar hannu da amai da rashin barci, haka jiki yake yi in an firgita shi kuma dole ya koma wurin kullum. In akwai wata mace da ta yarda da ita, ta ce mata ta ga likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, don shatin yatsu ba ya wuce sati biyu. Ko ba ta yi amfani da takardar yau ba, ta ajiye.

Kai kuma ka rubuta ranar da lokacin a wani wuri ka ɓoye. Kada ka zauna da ita ku biyu, kada a juya maganar kanka. Ba laifinka ba ne da ƙafarka ta ƙi tashi.

Gwaggonka,
Barira

Al Muraqqabat
Juma'a, 20 ga Disamba, 2019

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Mura ta tafi. An yi ɗan yayyafi a nan, mutane suka fito suna ɗaukar hoto kamar ba su taɓa ganin ruwa ba.

Takardarki ta zo ran ɗaya ga wata, na yi yadda kika ce, amma abin ya rikice mini gaba ɗaya.

Ran huɗu ga wata wata mata ta zo daga babban ofishin kamfani. Ta zauna a ɗakin taro tana kiran mu 'yan sito ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce wa ya kai ƙara ba. Ta ce kyamarar sito ta lalace tun watan jiya, ko na ga wani abu ran Talata biyar ga Nuwamba? Na ɗauka tsegumi ne ya kai musu. Na tuna Madam ta hana, na tuna maganarki. Na ce ina ɗaure kaya, ban ga komai ba. Ta rubuta, na sa hannu.

Da na fito Madam Shija tana tsaye bakin injin ruwa. Ta dube ni, ni kuma na yi mata alama da hannu cewa ta kwantar da hankalinta, na rufa mata asiri. Har murmushi ta yi mini, Gwaggo.

Kwana uku bayan haka ta wuce ni a matattakala kamar bango. Na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Akwai Edith, 'yar Kafanchan ce, ita ke zama a teburin karɓar baƙi, ƙawar Madam ce. Da ita muke Hausa in kewar gida ta dame ni. Ta tare ni a bayan gini ta ce, "Malam Salmanu mai sallah a kan lokaci, sannu da aiki."

Na ce, me na yi?

Ta ce, "Nawa ya ba ka? Ko shinkafar biriyani ce kawai?"

Na ce mata wallahi Madam ce ta hana ni.

Ta ce, "Ita ta hana ka, kuma ita ta rubuta sunanka a matsayin shaida? Ka nemi wata ƙaryar, wannan ba ta dahu ba. Khalas, shi ke nan, kada ka ƙara yi mini Hausa."

A bakin Edith, cikin faɗa, na ji sauran. Ashe Madam da kanta ta kai ƙara. Tun ranar ta je asibiti aka rubuta mata shatin hannun. Daga baya ta koma saboda ba ta barci, likita ya ba ta magani da wata takarda. Ta haɗa duka ta ba kamfani. To tunda shaidarta ya ce bai ga komai ba, sai suka ce hannun kwali ne ya faɗo mata. Takarda ta biyu kuma suka juya ta, wai ga shi nan likita ma ya ce tana da damuwa a kai. Yanzu direbobi suna cewa ta taɓu. An ba ta takardar sallama, ƙarshen Janairu za a soke bizarta. Manaja ya ce in ta kuskura ta je wurin 'yan sanda ba shaida, shi zai kai ta ƙarar ɓata suna.

Ni kuma yanzu ya mai da ni habibi, wato amininsa. Ya ce za a ba ni makullin sito. Ranar da ya dafa kafaɗata na kasa cin abinci.

Gwaggo, ki gaya mini, mutum zai hana ka magana sannan ya kira ka shaida? Na yi ta maimaita ranar a kaina ko na ɓace wani wuri. Ba ta ce komai da baki ba, kuka ya toshe ta. Amma kan nata ina ganinsa har yanzu. Idonta a kaina, kunnen dama ya yi wajen kafaɗa, na hagu ya yi wajen kafaɗa, sau uku, kamar ruwa a bokiti in an ɗauko shi. In ba a'a ba ne wannan, mene ne?

Shi ne na fara tunanin ko direbobin nan suna da gaskiya. Ko firgicin ya taɓa mata kai har ta manta abin da ta ce mini? Kin ce jiki yana rikicewa, hankali ma yana yi? Ba na son in yarda da haka, don lambobin kwastan ko ɗaya ba ta taɓa kuskurewa ba har ranar da ta daina zuwa. Amma in ita lafiyarta ƙalau, to ni ne ba ni da lafiya.

Ki ba ni amsa ta hannun Alhaji Sabo, ya ce farkon wata zai dawo.

Salmanu

Kano
29 ga Disamba, 2019

Salmanu,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ɗana, matar nan ba ta hana ka ba. Cewa ta yi eh.

Labarin da na ce zan ba ka ke nan, da ma na ba ka a lokacin. Shekara tara na yi a ƙarƙashin wata likita 'yar Indiya. Satina na farko na tambaye ta ko in yi wa wani yaro allura, ta kaɗa kai irin yadda ka kwatanta, na ajiye sirinji na tafi. Bayan awa ɗaya ta kusa cinye ni. A wurinsu kunne ya yi wajen kafaɗa dama da hagu, wato to, na ji, yi. Mai shayinku ba tsokanarka yake ba, amsa maka yake.

A takardarka ta farko ka rubuta "ta ƙi", ni kuma ban tambaye ka da wane baki ta ƙi ba. Na ɗora shawara a kan kalma biyu. Laifin nan namu ne mu biyu, nawa ya fi yawa, don ni na sani.

Hankalinta ƙalau. Takardar rashin barci ba takardar hauka ba ce, duk wanda ya karanta ta haka da gangan ya yi. Amma ka gane wani abu. Takardar likita tana faɗin abin da ya sami jiki, ba ta faɗin wanda ya yi. Wannan aikin mai ido ne. Ta kawo nata rabin, tana jiran naka.

Ban san dokar can ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka riga ka sa hannu a wata magana, za a tambaye ka dalili. Aikinka yana iya tafiya, na san kuma abin da zuwanka can ya ci wa Babanka. Ba zan ce maka dole ba. Abu ɗaya nake so, ka je ka sake tambayarta a gaban Edith, ta amsa maka da baki.

Barira

Al Muraqqabat
Juma'a, 24 ga Janairu, 2020

Gwaggo Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kin samu sauƙin gwiwa, a gaida Baba Ɗalhatu. Ni lafiya lau, sai dai kaina da ya yi nauyi.

Alhaji Sabo bai zo farkon wata ba, mahaifiyarsa ce ba lafiya. Sai ran Talatar nan takardarki ta shigo hannuna, saura kwana goma a soke bizar Madam. Sati uku tana kwance a jakarsa, ni ina nan da makullin sito a aljihu.

Da na karanta ban yarda nan take ba, ki yafe mini. Na sauka wurin mai shayi na ce masa, yau Talata? Ya kaɗa kan nan nasa. Na ce, yau Juma'a? Ya ɗaga hannu ya ce a'a, a'a, Talata, yana kallona kamar wanda ya sha wani abu. Na tsaya da kofi a hannu har ya huce. Wata biyar ina ganin abu kullum da idona, na san yawan lanƙwasar da yake yi, ban san me yake cewa ba.

Washegari na ajiye takardarki a teburin Edith. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Yi mini in gani." Na yi mata yadda Madam ta yi. Ta rufe baki da hannu, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ta ce, "Kai, ɗan ƙauye. Me ya hana ka nuna mini tun ranar?" Na ce ai kin hana ni Hausa.

Da aka tashi aiki muka hau abra, ɗan jirgin ruwan da ke tsallaka mutane zuwa Bur Dubai. Madam tana zaune wurin yayarta a bayan kasuwar atamfa. Ta rame. Ba ta ce in zauna ba sai da Edith ta gama yi mata bayani. Ta sa na maimaita tambayar da na yi mata a sito, na maimaita.

Edith ce ke fassarawa. Madam ta ce da a ƙasarsu ne, doka ta ce duk wurin aikin da ke da ma'aikata goma sai an kafa kwamiti, mace ce shugaba, da wani daga waje, kuma a ji ta bakin kowa. Ta ce ko a can ma ba kullum ake bi ba, amma aƙalla da ta san ƙofar da za ta buga. Dokar ba ta biyo ta nan ba. A nan ta ji an ce an ƙara wa doka ƙarfi a kan irin wannan, wata lauya ta gaya mata sai dai ta je wurin 'yan sanda, su kuma su miƙa wa masu gabatar da ƙara. Lauyar ta ce takardun asibitinta suna da amfani, amma da mai ido sun fi ƙarfi.

Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba sallamar ba ce. Mijinta ya tambaye ta a waya, in da gaske ne, me ya sa wanda kika ce yana wurin ya ce bai gani ba? Tun daga ranar ita ma ta fara tambayar kanta ko ta gan ni da gaske a bayan kwalayen nan. Gwaggo, ashe lokacin da nake zargin hankalinta, ita ma zarginsa take.

Na ciro ɗan guntun kwalin da na yi rubutu a kai yadda kika ce. Ranar, da lokacin, da lambar kwalin filas ɗin da ya faɗo. Ta karɓa ta duba lambar, ta ce daidai ne, kayan Kano ne.

Jiya Alhamis na mai da makullin sito, na ajiye a teburin Manaja yana waya. Muka je ofishin 'yan sanda mu uku. Sun karɓi takardunta, sun ce ni in dawo ran Lahadi za a samo tafinta, don suna son maganar ta fito daga bakina ba ta bakin Edith ba. Sun ce za a tambaye ni me ya sa na canza magana. Ban san yadda ake gaya wa Balarabe cewa Bahaushe ya karanta kan Ba'indiya a juye ba. Zan dai nuna musu. Ko za su yarda, ko bizar Madam za ta jira, ko ni kaina zan ga albashin watan nan a kamfanin, duk ban sani ba. Kada ki gaya wa Baba tukuna.

A bakin ƙofa kafin mu rabu, Madam ta tsaya ta tambaye ni da Turanci a hankali, kalma ɗaya-ɗaya yadda zan gane. Ta ce za su iya korarka, Salmanu, ran Lahadi za ka zo?

Na ji kaina zai motsa. Na rasa wanne zan yi mata, namu ko nasu, kada ta sake karanta wani abu daban. Sai na sa hannu biyu na riƙe shi gam, na ce mata da baki, eh. Na ce da Hausa, na ce da Turanci, Edith ta koya mini na yaren su Madam na faɗa shi ma.

Ɗanki,
Salmanu